Kwanon da Bai Isa Tabarma Ba

Yara, kafin in fara, bari in faɗa muku gaskiya. Wani sashe na labarin nan ya sulale mini. Shekarar da abin ya faru ta ɓace mini. Ko bara waccan ce, ko wadda ta gabace ta, Allah ne masani. Sunan yarinyar ma na lalube shi a kaina na rasa.

Amma wannan ba laifin tsufa kaɗai ba ne. 'Yar fari ce, don haka mahaifiyarta ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce "ke". Mahaifinta kuwa sunan tsohuwarsa ya sa mata, shi ya sa yake kiranta "Uwata". To, a ina zan ji sunan har in riƙe?

Abin da ya rage a kaina, ga shi. Wani na gani da idona, domin lokacin ina baƙunta a gidan limamin garin. Wani kuma yarinyar ce ta ba ni da bakinta.

Ƙauyen yana kusa da Unguwar Ya, a ƙasar Birnin Kudu. Yarinyar tana aji biyar a firamare. Sunan mahaifinta Sabo, manomi ne. Mahaifiyarta Zahara'u, ita kuma tana ce mata Inna.

Wata damina, Sabo ya yi gardama da maƙwabcinsa Ɗanbala a kan iyakar gona. Magana ta yi zafi. Sabo ya ɗaga ƙotar fartanya ya buga masa a hannu. Hannun ya karye. Alƙali ya yanke wa Sabo shekara biyu a gidan yari.

Shekara biyu a wurin babba ba wani abu ba ce. A wurin yaro kuwa tana da tsawo ƙwarai.

Kullum in an tashi daga makaranta, yarinyar takan tsaya a bakin hanya. Ta san ba ranar babanta zai dawo ba. Duk da haka sai ta duba fuskar duk wanda babur ya sauke. Malafar babanta tana rataye a ɗakin Inna. Duk Juma'a sai ta sauke ta, ta kakkaɓe, ta shinshina, ta mayar.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ciyayya. Yaran birni wataƙila ba ku san ta ba. In an idar da sallar Magariba, sai a shimfiɗa babbar tabarma a ƙofar masallaci. Kowane magidanci a kawo masa kwanon tuwo daga gidansa. Ba wanda ke cin nasa shi kaɗai. A buɗe wannan a cinye tare, a jawo wancan. Ana ci ana hira, ana tsokanar wanda miyar gidansa ta yi gishiri.

Da, ita ce mai kai kwanon babanta. Yanzu sai dai ta wuce ta nesa, ta kalli gefen da yake zama.

Limamin garin sunansa Malam Yahuza. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Duk ranar Alhamis shi da wasu mutum uku na masallaci sukan tafi gidan yari. Su kai sabulu da 'yan tufafi. Su zauna da mutanen ciki, su koya musu karatu, su ji damuwarsu. In wa'adin mutum ya cika, su ne ke tsayawa a bakin ƙofa su tarbe shi.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Allah Yana karɓar tuban bawa nan take. Mutane ne ke jinkiri. Aikinmu shi ne mu rage jinkirin."

Shi ne ya kawo Sabo gida. Ya biya da shi wurin wanzami aka yi masa aski. Ya ba shi sabuwar riga fara.

Yarinyar ta ruga ta rungume shi. Ya rame, har tana jin ƙashin haƙarƙarinsa. Ya dafa kanta ya ce, "Uwata, kin girma."



Kwanaki suka wuce. Baba ya dawo, amma kamar bai dawo ba. Yakan zauna a ɗaki ya zuba wa bango ido. In zai fita tsakar gida, sai ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran izini. In an ba shi abinci, ya kare kwanon da hannu ɗaya, ya ci da sauri. Masallaci kuwa sai an tayar da salla yake shiga, ya tsaya a sahun ƙarshe. Ana sallamewa ya fice.

Yarinyar takan zauna kusa da shi da littafinta. Ga shi a gabanta, amma kewarsa take ji.

Ranar wata Lahadi Malam Yahuza ya yi sallama. Suka zauna a zaure shi da Sabo. Yarinyar ta kawo musu ruwa, ta koma bayan zana ta tsaya.

"Sabo, tabarma tana jiranka," in ji Malam.

"Malam, da wane ido zan kalli Ɗanbala?"

"Ba zan ja ka da ƙarfi ba. Ga yadda muke yi. Ka fara aika kwanonka. Kwano ya riga ka zuwa. In ka ga yana dawowa babu komai a ciki, ka san an karɓe ka. Sai ka biyo bayansa ranar da ka shirya."

"In ya dawo cike fa?"

"Ka bar wannan a hannun Allah. Mu ma ba zaune muke ba."

Da Malam ya tafi, Sabo ya shiga wurin Inna. Yarinyar ta ji abin da ya ce.

"Zahara'u, daga gobe ki zuba na waje, na ciyayya. Amma in ya dawo cike, zamana a garin nan ya ƙare. Gwaram zan koma wurin ƙanena. Ya ce ya share mini ɗaki."

Yarinyar ta maimaita sunan a ranta. Gwaram! Wata tafiyar kuma?

Washegari a makaranta, lokacin hutun tara, suna wasan gaɗa. Ta taka ƙafar Kubra ba da gangan ba. Kubra 'yar Ɗanbala ce, ajinsu ɗaya.

"Makauniya ce ke?" in ji Kubra.

"Ki yi haƙuri, ban gani ba."

"Haka kuke, ku ji wa mutum ciwo ku ce a yi haƙuri. Babana ma ya rantse ba zai ƙara haɗa kwano da babanki ba. Da kunnena na ji!"

Yarinyar ta juya baya. Ta bar wasan ta koma aji.

Da yamma Inna ta tuƙa tuwon dawa. Ta kaɗa miyar kuka, ta sa daddawa mai kyau, ta zuba man shanu a kai. Ta goge bakin kwanon da gefen zanenta, ta rufe da sabon faifai.

"Ke, ungo. Ki riƙe da hannu biyu. Ki durƙusa ki gaishe su."

Yarinyar ta ɗauka ta fita. Ta bi lungu har ta iso gindin dalbejiyar da ke kusurwar masallaci. Daga nan tana hango tabarma. Ga Ɗanbala zaune a tsakiya, ya ɗora lanƙwasasshen hannunsa a kan gwiwa.

Sai ta tsaya a nan.

Ta ga abin a ranta kamar yana faruwa. Za ta ajiye kwanon. Ɗanbala zai ture shi gefe. Sauran za su yi shiru. Ita kuma ta ɗauko shi da nauyinsa ta kai wa Baba. Da safe ya ɗaure kaya.

Sai wata dabara ta zo mata. Ta juya ta shiga wani lungun.

A ƙarshen lungun akwai wata tsohuwa mai suna Hajjo. Ita kaɗai take zaune, idonta ba ya gani sosai.

"Salamu alaikum, Iya. Inna ta ce a kawo miki."

Hajjo ta buɗe faifan ta shinshina. "Kai! Har da man shanu? Wa ya haihu a gidanku?"

"Ba kowa, Iya."

"To Allah Ya yi wa Zahara'u albarka. Juye mini a nan, jikata."

Yarinyar ta juye. Ta suɗe kwanon da yatsa har ya yi kamar an wanke. Ta ɗan jira a bakin ƙofa, sa'an nan ta nufi gida.

Baba yana tsaye a tsakar gida. Ya karɓi kwanon ya ɗaga faifan. Ya daɗe yana kallon cikinsa.

"Tas?" ya ce.

"Tas, Baba."

"Har Ɗanbala?"

Ta sunkuyar da kai. "Har shi."

Sai ya yi dariya. Rabonta da jin dariyar nan shekara biyu. Ya ce, "Zahara'u, zo ki gani! Ko loma ba su bari ba!"

Yarinyar ta ji daɗi har hawaye ya zo mata. Amma ta kasa kallon idonsa.

Talata ma haka ta yi. Laraba ma haka. Hajjo tana ta sa albarka. Baba ya fara fita tsakar gida ba tare da tsayawa a bakin ƙofa ba. Ya gyara turken akuya. Har ya karɓi littafinta ya ce ta karanta masa.

Ni kuwa ina kan tabarmar nan duk kwanakin. Muna zaune, kwanuka a rufe, ana duban lungu. Malam Yahuza yana cewa, "A ƙara masa ɗan lokaci. Kada a matsa masa." Sai tuwo ya huce muke ci. Amma yarinyar ba ta san wannan ba.

Ranar Alhamis, Malam ya tafi gidan yari kamar kullum. Bayan La'asar Sabo ya sa farar rigarsa.

"Uwata, ɗauko mini buzuna. Zan je in yi wa mutane godiya."

Ta ɗauko. Ta bi shi a baya.

Dattawa suna zaune a inuwar masallaci. Sabo ya yi sallama, aka amsa. Ya durƙusa.

"Jama'a, godiya na zo yi. Kwana uku ina aiko da kwano, kuna cinyewa. Ban cancanta ba. Allah Ya saka da alheri."

Mutane suka dubi juna.

Ɗanbala mutum ne da ba ya tauna magana. Ya ce, "Wane kwano, Sabo? Mu ba mu ci tuwon gidanka ba. Ko ganinsa ba mu yi ba."

Wani saurayi a gefe ya yi 'yar dariya. Sabo ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Uwata, kin kawo ko ba ki kawo ba?"

Idanu duka suka dawo kanta. Ga dama ta faɗi gaskiya, amma tsoro ya fi ƙarfinta.

"Na kawo, Baba."

Sabo ya miƙe a hankali. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ta ga ya dunƙule hannu. Sai ya rufe ido, ya nemi tsari daga Shaiɗan, kamar yadda Malam ya koya masa. Ya saki hannun.

"'Yata ba ta ƙarya," ya ce. "In zubarwa kuke yi, da kun dawo mini da shi cike. Ya fi mini sauƙi. Ku huta lafiya."

"Ni kake ƙaryatawa?" in ji Ɗanbala. Amma Sabo bai waiwaya ba.

Ranar ba a zuba na waje ba. Da Malam Yahuza ya dawo ya ji labari, ya zo ya yi sallama har sau uku. Sabo ya aiko a ce masa ya kwanta. Malam ya ce, "To, sai da safe."

Da safe yarinyar ta ga jakar Baba a bakin ƙofa, a ɗaure. Idon Inna ya kumbura.

Ya kira ta ya dafa kanta. "Ki tafi makaranta, kada ki makara. Ki riƙe karatu. In na zauna da kyau zan aiko."

"Baba..."

"Na'am, Uwata?"

"Ba komai," ta ce.

A aji, Malama Khairiyya tana koyar da lissafi. Ta kira yarinyar sau biyu ba ta ji ba. Ta zo kanta ta ga littafin ya jiƙe da hawaye.

"Zo waje," in ji Malama.

A bayan aji yarinyar ta faɗi komai. Ta faɗi maganar Kubra, da gidan Hajjo, da ƙaryar da ta yi jiya a gaban dattawa. Malama ta saurara har ƙarshe. Sa'an nan ta leƙa aji ta kira Kubra.

"Kubra, yaushe babanki ya yi rantsuwar nan?"

Kubra ta soma wasa da bakin hijabinta. "Da daɗewa, Malama. Tun hannunsa yana ɗaure da karan ɗori."

"Yanzu fa, me yake cewa?"

"Yanzu... kwana uku yana dawowa gida yana mita. Wai ya ci tuwo mai sanyi saboda jiran kwanon Sabo."

Yarinyar ta ɗago kai. "Jira yake yi?"

"Haushi kika ba ni shi ya sa na faɗa," in ji Kubra, murya ƙasa ƙasa. "Ki yafe ni."

Malama ta ce, "Ke Kubra, za mu yi magana. Ke kuma, tashi ki ruga gida. Lissafi zai jira ki. Mota ba za ta jira ba."

Ta ruga. Takalminta ɗaya ya fita, ta dawo ta ɗauka ta riƙe a hannu.

A ƙofar gida ta tarar da Malam Yahuza yana magana da Inna ta bayan zana. Baba ya riga ya hau acaba zuwa tashar Birnin Kudu.

Ta zube a gaban Malam. "Ni ce, Malam! Ban taɓa kai kwanon ba. Gidan Iya Hajjo nake kaiwa."

"Innalillahi!" in ji Inna. "Ke! Ashe ke ce kika kore shi?"

"Zahara'u, faɗa ya jira," in ji Malam. "Yanzu babur muke nema."

Duk masu babur sun fita. Guda ɗaya ya rage a garin, a jingine a ƙofar gidan Ɗanbala. Suka sami Ɗanbala yana gyara igiyar guga, fuska a murtuke.

"Malam, ka ji abin da aka yi mini jiya? A gaban jama'a aka mai da ni maƙaryaci."

"Na ji. Ga mai gyara maganar na kawo maka."

Yarinyar ta durƙusa. "Baba Ɗanbala, gaskiya ka faɗa. Ni na yi ƙarya. Tsoro na ji kada ka ture kwanon, Baba ya tafi."

Ɗanbala ya dube ta, ya dubi Malam. Ya ajiye igiyar.

"Wato ke ce kika sa na ci tuwo mai sanyi kwana uku?"

"Ni ce."

"'Yar ƙarama da ke! To hau. Malam, ka riƙe ni da kyau, ba a hankali zan tafi ba."

Hanyar duk yashi ce da kwazazzabai kafin a hau kwalta. Malam yana ta salati a baya. Yarinyar kuwa addu'a ɗaya take maimaitawa: Allah Ka sa motar ba ta cika ba.

Tashar cike take da hayaniya. Masu rake, masu ƙosai, masu turin kura. Can gefe wani kwandasta yana dukan jikin bas yana ihu.

"Gwaram! Gwaram! Saura mutum biyu!"

Ta hango shi ta taga. Ya rungume jakarsa a cinya, yana kallon ƙasa.

"Baba!"

Ya ɗago a firgice. "Uwata? Me ya fito da ke daga makaranta?"

Ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu. Fasinjoji suna kallonta, amma ba ta damu ba.

"Baba, ƙarya na yi maka. Ban kai kwanon ba ko sau ɗaya. Iya Hajjo nake ba. Jiya ma ƙarya na yi. Su jiranka suke yi. Baba, don Allah kada ka tafi. Na gaji da jiranka a bakin hanya."

Sabo ya dube ta. Sa'an nan ya ce wa na kusa da shi, "Malam, ɗan ba ni hanya." Ya sauko.

"Uwata," ya ce, "kin san abin da kika sa na yi? Na ƙaryata dattijo a gaban mutane. Mutumin da na riga na cuta."

"Na sani, Baba. Na tuba."

Sai a lokacin ya ga wanda ke riƙe da babur. Ya ajiye jakar a ƙasa. Ya taka a hankali har gaban Ɗanbala, ya durƙusa a cikin ƙurar tasha.

"Ɗanbala, laifina biyu ne a wurinka. Na hannu da na jiya. Ka yafe mini don Allah."

Ɗanbala ya kawar da kai yana gyara hula.

"Hannun nan, in hadari ya haɗu yana yi mini ciwo. Ba zan ɓoye maka ba. Amma na yafe tun azumin bara. Malam shaida ne. Sintiri ya yi ta yi a gidana har na gaji da shimfiɗa masa tabarma." Ya miƙa masa hannun mai lafiya. "Tashi, mutane na kallo. Ka karya mini hannu, yanzu kuma za ka gudu ka bar ni da yunwa? Shekara biyu ban ci miyar gidanka ba."

Sabo ya kama hannun. Ya buɗe baki zai yi magana, hawaye ya riga shi.

Kwandasta ya leƙo. "Alhaji, za ka ko ba za ka ba?"

"Ba zai je ba," in ji Malam Yahuza.

Kwandasta ya yi tsaki, ya koma dukan motarsa. "Gwaram! Gwaram! Saura mutum uku!"

Har Sabo sai da ya yi dariya.

A gida Inna ta yi faɗa sosai, kuma ta yi daidai. Ta ce wanke-wanken mako guda na yarinyar ne ita kaɗai. Ta kuma ce sai ta je ta faɗa wa Hajjo gaskiya da bakinta.

Hajjo ta saurara, ta tafa hannu. "Ashe tuwon maza nake ta ci! Shi ya sa na ji ƙarfi a gwiwata. To yanzu shi ke nan, an yaye ni?"

Da Inna ta ji haka, kunya ta kama ta. Ta ce, "Tsohuwa tana lungunmu da yunwa ba mu lura ba." Daga ranar kullum sai ta zuba wa Hajjo nata a ƙaramin kwano.

Bayan Magariba yarinyar ta ɗauki babban kwanon da hannu biyu. Baba yana biye da ita. Da suka iso gindin dalbejiya ta ji ya tsaya. Ta waiwaya.

"Mu je, Baba," ta ce.

Suka ƙarasa. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye kwanon a tsakiyar tabarma. Mutane suka matsa aka buɗe wa Sabo wuri. Malam Yahuza ya ɗaga faifan ya yi bisimilla. Kafin ya kai hannu, Ɗanbala ya riga ya yanki loma.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," in ji shi, baki cike. Ya kuma kai hannu.

Ni ma na ci. Gishirin daidai yake.

Da aka gama, Malam ya kira yarinyar ya miƙa mata kwanon. Yau da gaske babu komai a ciki.

Ya ce, "'Yata, son babanki ne ya sa kika yi ƙarya, na sani. Amma kin ga ƙaryar ta kusa raba ki da wanda kike so ki riƙe. In abu ya ba ki tsoro, ki faɗa wa babba. Kada ki ɓoye ki yi dabara ke kaɗai."

"Na ji, Malam."

Yara, darasin ke nan. Ƙarya ba ta gyara abu, ko da niyyar mai yin ta kyakkyawa ce. Kada ku yanke wa mutane hukunci da tsohuwar maganar da suka faɗa cikin fushi. Kuma wanda ya yi laifi, ya karɓi hukunci, ya tuba, a matsa masa ya zauna. Ɗan'uwanmu ne.

Na ce muku abubuwa da yawa sun ɓace mini. Amma akwai guda da na bi sawu na tabbatar. Da rani na ratsa ta Gwaram, na nemi ƙanin Sabo. Na same shi a rumfarsa ta facin taya a bakin titi. Ya ce ɗakin da ya share wa yayansa ba a taɓa kwana a ciki ba, buhunan riɗi ne a ciki yanzu. Ya ce Sabo yana nan a ƙauyensu yana noma. Duk ranar Alhamis shi ne ke goya Malam Yahuza zuwa gidan yari, a kan babur ɗin Ɗanbala.